Layi Uku a Littafin Malam Barau

Sai a bugu na biyar babur ɗin ya tashi. Malam Barau ya ɗare, ya gyara jakar da ke rataye a wuyansa, ya fice daga harabar makarantar sakandaren ba tare da ya jira ƙararrawar tashi ba. Maigadi ya ɗaga masa hannu, ko gani bai yi ba. Mutumin da bai taɓa barin darasi rabi ba, yau Laraba da rana tsaka ya rubuta wa 'yan aji biyar aiki a allo ya ce su kwafa, ya kama hanyar Rogo. Duk saboda wasiƙa mai shafi ɗaya da ta zo masa daga Zariya da safe.

In ka tambayi mutanen Karaye wane ne Malam Barau, ba za su ce maka malamin kimiyya ba. Cewa za su yi, "Au, mai leƙen sama?" Tun 1977 yake hawa soron gidansa da wani ɗan madubin hangen taurari, ya kafa shi ya nufi wuri guda ɗaya tak a sama. Watannin da wurin ke fitowa da asuba, ya tare shi da asuba. In ya koma magariba, ya bi shi can. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Malaminsa na jami'a, Dakta Mika'ilu, shi ya ba shi madubin, shi kuma ya ɗora masa aikin. A wurin nan, in ji Dakta, akwai taurari biyu da ke zagaya juna kurkusa. Ɗaya ƙato ne sako-sako, ɗayan ɗan mitsitsi amma nauyinsa ya wuce misali. Ƙaramin ba ya barin babban ya huta, kullum zuƙar iskar jikinsa yake yana tarawa a kansa. Ran da abin ya yi masa yawa sai ya kama da wuta, ya yi haske har a gan shi da ido, bayan 'yan makonni ya dusashe, a sake jira. Rabon da ya yi haka tun kafin a haifi Barau. A sauran lokaci kuwa dishi-dishi yake, madubin Barau ba ya iya kamo shi.

Don haka aikin Barau shi ne ya duba, ya sauko, ya rubuta a littafinsa: *An duba, ba a gani ba.* Ƙarshen wata ya kwafe a fom ya aika Zariya, Dakta ya tura wa wata ƙungiyar masu duba taurari a ƙasar waje.

"Malam, wannan aiki naka da ban mamaki yake," Lauratu matarsa takan ce tana dariya. "Kullum ka hau ka duba abin da babu, ka sauko ka rubuta babu."

"Babun nan ita ce aikin," yakan ce da ita. "Ran da ya zo, da ita za a san yaushe ya zo."

Fom ɗin yana da gurbi a ƙarshen kowane layi. Dokar Dakta guda ce: in ba ka duba ba, ka ce ba ka duba ba, ka rubuta dalili. A shekara goma sha ɗaya, abin da Barau ya taɓa rubutawa a gurbin nan bai wuce *hadari* ko *ruwa* ba. Da wannan yake taƙama, ko da yake ba zai yarda ba in ka faɗa masa.

To, sai ga ƙarshen watan Oktoba. Lauratu, wadda ita ma ta shekara goma sha ɗaya a ɗakinta tana jiran abin da bai zo ba, naƙuda ta kama ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka saka ta a mota sai Kano. Daren Asabar wayewar Lahadi likitoci suka yi mata aiki, suka ciro 'ya mace. Barau ya kwana uku a barandar asibiti a kan tabarmar aro. Asubahin Asabar, da na Lahadi, da na Litinin, ko sau ɗaya bai tuna akwai sama a bisa kansa ba.

Ranar Litinin da rana ya dawo Karaye, ya bar surukarsa a wurinta. Wata ya ƙare, fom zai bi jakar gidan waya ta yamma. Ya zauna ya kwafe layi ashirin da takwas, ya zo kan uku na ƙarshe ya tsaya. Me zai rubuta a gurbin dalili? Ya rubuta wa malaminsa, mai furfura, cewa yana gindin matarsa tana haihuwa? Haihuwar fari? Shi wanda mahaifinsa ya rayu ya mutu bai taɓa kiran sunansa ba saboda shi ne ɗan fari, sai dai ya ce "wannan yaron"? Kunya ta rufe shi shi kaɗai a ɗaki. Ya ce a ransa, abin da bai zo ba a shekara goma sha ɗaya, ai ba a kwana ukun nan zai zo ba. Ya rubuta *An duba, ba a gani ba* sau uku, a fom da a littafi, ya liƙe ambulan ya kai.

Washegari da asuba ya hau soro. Bai ma kai ga kafa madubin ba. Ga tauraron nan a sarari, jajir, yana kallonsa.

Ya buga talgiram Zariya. Sannan ya shafe mako uku yana lallashin kansa cewa a daren nan abin ya tashi, ba kafin nan ba.

Wasiƙar yau ta rushe wannan. A wajen ƙauyen Turawa ya tsayar da babur a gindin wata ɗorawa ya sake karanta ta, kamar dai rubutun zai canza. Dakta ya ce wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Japan, wanda bai fi shekara biyu da fara duba taurari ba, ya ce shi ya ga tauraron ya fara haske tun ran 29 ga Oktoba. A kwanakin nan gajimare ya rufe kusan duk sauran masu dubawa. Takarda ɗaya ce ta ƙaryata tsohon, ita ce ta Barau. "Sun fi yarda da kai," in ji Dakta, "domin shekara goma sha ɗaya ba a taɓa samun tangarɗa a aikinka ba. Za su ɗauka idon tsohon ne ya yaudare shi. Ka sani kwana uku ba wasa ba ne, da saurin tashin hasken ake auna nauyin ƙaramin tauraron. Ka sa hannu a takardar da na haɗo ka maido kafin Juma'a. Sunanka zai fito a matsayin wanda ya fara gani. Na yi alfahari da kai."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta fi yi masa ciwo.

Kada ka ɗauka gaskiya ya fito nema. A'a. Barau ya fito neman wanda zai ce masa ƙaryarsa ta dace da gaskiya. Mutum ɗaya ya sani a duk ƙasar Karaye da Rogo wanda ke kallon gabas kowace asuba kamar yadda yake yi: Ladan Jibo na Jajaye, wanda ya shekara arba'in yana kiran salla bai taɓa ɗaura agogo ba. In Ladan ya ce kwana ukun nan babu komai a wurin, shi ke nan, sai ya sa hannu da zuciya ɗaya. Matsalar guda ce: Ladan Jibo shi ne mahaifin Lauratu, kuma a gidansa take wankan jego.

Ya bi ta tsakanin gonakin dawa da aka fara yanka, ya ratsa Rogo, ya kauce wa garken shanu biyu, ya isa Jajaye ana sallame la'asar. Tun daga nesa ya kashe babur ya tura shi da hannu. Ladan yana zaune a kan buzu a inuwar masallaci yana tufkar igiyar rama, tsoho siriri mai ƙananan idanu. Barau ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can gefe.

"Barka da yamma, Baba."

"A'a, Malam ne? Barka kadai. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Yaya gida? Yaya ƙoƙari?"

"Alhamdu lillahi. Yaya 'yan makaranta? Yaya mutanen Karaye?"

Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, suka sake ɗauko ta daga farko. Sannan Ladan ya dube shi ta wutsiyar ido.

"Yau dai ba Asabar ba ce. Ko gwamnati ta ƙara muku hutu ne ba mu ji a rediyo ba?"

Barau ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi zafi. Tsohon ya ɗauka ɗokin jaririya ne ya koro shi.

"Wata 'yar tambaya ce ta kawo ni, Baba. A kan taurari."

"Ikon Allah. Mai madubi ya zo tambayar mai ido?"

"A watan nan da ya wuce, da me kuke gane lokacin kiran farko?"

Ladan ya ajiye igiya, ya ɗauki tsinke ya yi ɗigo uku a ƙasa. "Akwai wasu 'yan ƙanana guda uku, ni murhu nake ce musu. In kaka ta yi, da zarar sun hau kan rimin can da kamar tsawon mashi, sai in yi alwala."

Barau ya matso ya duba. Ya san ɗigo ukun nan kamar tafin hannunsa. Da su yake lalubo wurin da yake kafa madubi.

"To, ba ku ga wani abu baƙo a wurin ba?"

"Au, tukunyar?" Ladan ya yi dariya, ya danna tsinken a tsakiyar ɗigo ukun. "Shekara arba'in murhun nan babu komai a kansa. Rannan na ɗaga kai, na ce a'a, yau kuma wa ya ɗora girki? Na nuna wa Liman, ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni."

"Wace rana ce, Baba?"

Ladan bai yi wani dogon tunani ba.

"Ai ba ranar mantawa ba ce. Ran Juma'a da yamma aka aiko mana an tafi da yarinyar nan Kano. Washegari Asabar na fito, barci ma ban yi ba, na gan shi. Ɗan ƙarami, ja, kamar garwashi ɗaya a toka. Ran Litinin kuwa ya zama tukunya sosai, har ya fi duwatsun murhun haske."

Asabar. Ashirin da tara ga wata. Can a wata ƙasa da bai taɓa gani ba, wani tsoho ya faɗi gaskiya, ana shirin ce masa idonsa ya lalace.

Barau ya daure ya ciro biro, don hannunsa ya samu abin yi. "Asabar ƙarami, Litinin babba. Lahadi fa?"

"Lahadi ban sani ba."

"Gajimare ne?"

"Garau sama take, in ji mutane. Ni ne ban duba ba." Ladan ya sake ɗaukar igiyarsa. "Direban da ya zo daga Kano da magariba ya ce za a yanka ta a ciro abin da ke cikinta. Auta ce, Malam. A cikin masallacin nan na kwana, goshina a ƙasa. A ranar, wani ne ya yi kiran, da agogon rediyo."

"Amma Baba, tunda Asabar akwai shi, Litinin ma akwai shi, ai Lahadi ma yana nan."

"Ƙila yana nan."

"To ai sai mu ce..."

"Mu ce me? Ka tambaye ni abin da na gani. Ban duba ba." Ya faɗe ta a sauƙaƙe, kamar mai cewa bai ci goro ba tukuna. Ya ja igiya ya gwada ƙarfinta. "Kai da madubinka fa, yaya ka gan shi a kwanakin?"

Barau ya mayar da biron aljihu.

"Ina Kano, Baba."

"Kash, haka ne fa! Dubi tsufa." Tsohon ya girgiza kai. "Ai Talatu ta ba ni labari. Ta ce kwana uku kana baranda, sauro ya yi kaca-kaca da kai, har jininka aka ɗiba aka ƙara wa yarinyar. Ban samu na yi maka godiya ba, abin da nauyi. Allah ya saka maka da alheri, Malam. Allah ya raya abin da aka samu."

"Amin, Baba," in ji Barau, yana kallon ɗigo huɗun da ke ƙasa. Da tsohon ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Tashi ka shiga ciki. Ka zo har nan, kada ka koma ba ka gaisa da su ba."

Cikin gida yana ƙamshin ganyen darbejiya da aka tafasa na wanka. Inna Talatu, surukarsa, ta amsa gaisuwarsa fuskarta a kauce, ta tuna nan take cewa tana da aike a maƙwabta, ta ja mayafi ta fita. Lauratu tana zaune a bakin gado da ƙwaryar kunun kanwa a gefenta, jaririyar a cinyarta. Ta yi fari, ta ɗan faɗa, amma idanun nan masu tsokana suna nan.

"Lafiya, Malam? Fuskarka kamar wanda aka kora daga aiki."

"Yaya jikin? Yaya... baƙuwar?"

"Baƙuwa tana da suna. Kai ka raɗa mata, raguna biyu ka yanka."

Ya zauna a kan tabarma. Bai yi niyyar faɗa mata ba, amma sai ya ji bakinsa ya fara. Ya ba ta labarin layi ukun, da tsohon Japan, da takardar da ke jiran sa hannunsa, da abin da mahaifinta ya gani. Ya ce in ya faɗi gaskiya, sunansa ba zai fito ko'ina ba. Wannan ma da sauƙi. Abin da yake tsoro shi ne su ce wanda ya ƙirƙiri layi uku zai iya ƙirƙirar dubu uku, su kwashe aikin shekara goma sha ɗaya su zuba a kwandon shara. Kuma Dakta zai karanta da idonsa.

Ya zaci za ta yi dariya, ta ce duk wannan tashin hankali a kan babu. Ba ta yi ba.

"Ba ni littafin in gani."

Ya ciro ya buɗe mata shafin. Ta yi firamare har aji huɗu, tana karantawa a hankali da yatsa. Yatsan ya tsaya a layin Lahadi.

"Ƙarfe huɗu da rabi na asuba," ta karanta. "An duba, ba a gani ba." Ta ɗago. "Ƙarfe huɗu da rabi ai lokacin aka turo ni daga ɗakin tiyata. Na buɗe ido ban san inda nake ba, kai na fara gani ta taga, kana kuka kamar yaro. Wallahi da wannan na riƙe raina. Ashe a littafinka kana kan soro."

"Lauratu, kunya ce..."

"Na san kunya, ni ma 'yar mutane ce. Ban ce ka hau kasuwa ka yi shela ba. Amma ni abin ya yi mini zafi, Malam. Shekara goma sha ɗaya muna jira, ni da kai. Ta zo. Kai kuma ka rubuta ba a gani ba."

Jaririyar ta motsa, ta yi ɗan ƙaramin kuka. Lauratu ta juya ta gyara mata zani, ta bar shi da littafin a hannu.

Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya koma ja. Sannan Barau ya ciro takardar Dakta, wadda aka buga da tafireta aka bar masa wurin sa hannu, ya juya bayanta ya fara rubutu. Ya rubuta cewa tsohon Japan ya yi gaskiya. Ya rubuta abin da Ladan Jibo na Jajaye ya gani da idonsa ran Asabar da ran Litinin, ya ƙara da cewa ran Lahadi Ladan bai duba ba. Ya rubuta cewa layi uku na ƙarshe a fom ɗin Oktoba shi ya ƙirƙire su, a soke, sauran kuma ya bar wa Dakta ya yi yadda ya ga ya dace da su. A nan ya sa hannu.

Ya koma kan littafin. Ya ja layi a kan Asabar, ya ja a kan Litinin, ya rubuta gyara a gefe. Da ya zo kan Lahadi, biron ya daɗe a sama kafin ya sauka a gurbin dalili.

"Me ka rubuta?" in ji Lauratu, ba ta juyo ba.

Ya miƙa mata littafin.

"Hannuna da yarinya. Karanta mini."

Ya dubi ƙofa. Babu kowa a tsakar gida sai kaji. Daga masallaci aka ji Ladan yana gyaran murya zai kira magariba.

"Ban duba ba," ya karanta. "Ina asibiti a Kano." Ya sauke murya. "An haifa mini 'ya. Mariya."

Sunan ya fito can ƙasa-ƙasa, ko kajin ba su ji ba. Lauratu ta juyo da jaririyar ta fuskance shi.

"Ban ji ba, Malam."

Ya sake faɗa.